Tafinta da Magatakarda: Yadda Na Sayi Dekoda Ina Neman Katin Naɗar Bidiyo

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, da aka zo raba ƴan kayan ɗakinsa, babu wanda ya kula wata tsohuwar jakar fata da ke ƙarƙashin gado. Ni aka miƙa wa ita, wai ni ne mushe, ni na san darajar takarda. Da na buɗe sai na tarar babu takarda ko ɗaya a ciki. Kaset ne na bidiyo guda bakwai, irin manyan nan baƙaƙe da ake kira VHS. Biyar finafinan Kano ne. Ɗaya kokowa ce da ƙanena ya naɗa daga Tele Sahel yana yaro. Na bakwai kuwa an rubuta a jikinsa da biro shuɗi, da hannun Baba: bikin yayarmu, 1998.

Inna ce ta tayar da maganar. Ta ce hotunansa na kati tana da su, amma hoto ba ya tafiya, ba ya gyaran murya, ba ya cewa a kawo wa baƙi ruwa. Ta tuna cewa mai ɗaukar bidiyon bikin ya tsaya a kan Baba a ƙofar gida yana tarbar ƴan ɗaurin aure. "Kai da ka yi boko," in ji ta, "ka sa mini shi cikin salula in riƙa gani." Na ce to Inna, ai wannan ƙaramin aiki ne.

Na shiga kasuwa layin masu kayan lantarki, na ce da wani saurayi ina son abin da zai kwashe bidiyo daga kaset ya zuba a kwamfuta. Ko jinkiri bai yi ba. "Mushe, ai dekoda kake nema." Ya juya mini bayanta ya nuna ramuka uku, rawaya da fari da ja, irin dai waɗanda ke bayan manyeto, wato na'urar da ke kunna kaset. Ga kuma ramin USB a gaba. To me ya rage? Na biya. Na ari manyeto wurin wani mai gyaran rediyo na unguwarmu, na haɗa wayoyi rawaya da rawaya, ja da ja. Dare uku ina fama. Manyeto na juya kaset, dekoda na ta shelar cewa ba ta sami tauraro ba, kilen USB da na soka mata kuma fayau. A dare na huɗu mai gyaran ya leƙo, ya dubi haɗin da na yi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce: "Malam, ka haɗa baki da baki, babu kunne a tsakani. Ramukan nan na dekoda ƙofar fita ce. Hoto ba ya shiga ta nan."

Ban ga laifin saurayin sosai ba, ko da yake kuɗina ba su dawo ba. Kalmar dekoda ta daɗe tana yawo, a cikin shekaru kamar saba'in ta ɗauki kaya iri uku, har ta kai a wurinmu duk akwatin da aka ajiye kusa da talabijin dekoda ne. Abin da nake nema sunansa daban, tarihinsa ma daban: katin naɗar bidiyo, wanda masu Faransanci ke cewa carte d'acquisition. Kunyar da na sha ce ta sa na bi sawun abubuwan biyu, kuma na ga ya kamata in ba ƴan uwana malamai da iyaye labari, don na san ba gidanmu kaɗai ke da jaka a ƙarƙashin gado ba.

Bari mu koma lokacin da talabijin bai san launi ba. Kyamara ba ta aika hoto ɗungurungum. Karanta shi take yi layi-layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda muke koya wa ƴan aji ɗaya bin layin littafi da yatsa. Inda akwai haske ƙarfin lantarki ya canza zuwa wani mataki, inda akwai duhu ya koma wani. A ƙarshen kowane layi akwai alamar da ke cewa a koma farkon na gaba. A tsarin da Turai da akasarin Afirka suka bi, layi 625 ke haɗa hoto guda, hoto 25 kuma ke wucewa a kowace daƙiƙa. Amurka da Japan suna da layi 525 da hoto kusan 30. Akwatin talabijin yana karɓar wannan hawa da sauka na lantarki ya zana shi nan take a kan gilashi, kuma da zarar ya zana ya manta.

Mu malamai ya kamata mu fi kowa sanin wannan zamani, domin a Nijar ta ƙofar makaranta talabijin ya shigo. A 1964 aka fara talabijin na makarantu, tare da taimakon Faransa: ana shirya gajerun darussa a Yamai, ana watsa su zuwa azuzuwa ashirin da ƴan kai, yara kimanin 800, baƙi da fari. Waɗanda ke tsaye gaban yaran ba su yi dogon horo irin wanda muka samu a makarantar horon malamai ba. Akwatin ne ke ɗauke da nauyin darasi, su kuma su ƙarasa. Tele Sahel da muka tashi muna kallo sai a 1979 ta zo. Nakan yi tunanin malamin wancan aji. In yaro ya yi gyangyaɗi darasi ya wuce, shi ke nan ya wuce, babu maɓallin da za a danna a dawo da shi. Na'urar naɗar bidiyo a kan tef tana duniya tun 1956, lokacin da kamfanin Ampex na Amurka ya fito da ita, amma girmanta ya kai na babban kabad, faɗin tef ɗinta ya haura santimita biyar, kuɗinta kuwa sai gidajen talabijin.

Launi ne ya haifi dekoda ta farko. Matsalar da injiniyoyi suka fuskanta ita ce miliyoyin mutane sun riga sun sayi akwatunan baƙi da fari, ba za a ce su zubar ba. Tun 1938 wani injiniya Bafaranshe, Georges Valensi, ya kawo dabarar: a bar saƙon haske da duhu yadda yake, a ɗora saƙon launi a kansa daban, yadda tsohon akwati zai yi biris da shi, sabo kuma ya tsince shi. Amurka ta fara aiki da wannan a 1953 da tsarinta NTSC. Sai dai launinsa yakan goce a hanya, fuskar mutum ta koma kore-kore, har akwatunansu suna da makunni na musamman don gyara kala. Turai ta nemi magani, ta samu guda biyu. Henri de France ya ƙirƙiro SECAM a 1956: maimakon a aika bayanan launi biyu tare, sai a aika ɗaya a wannan layi, ɗayan a layi na gaba, akwatin kuma ya riƙe na layin baya a ƙwaƙwalwarsa na ɗan ƙiftawar ido ya haɗa su. Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya fito da PAL a farkon shekarun 1960: shi kuma yana juya wani ɓangare na saƙon launi kan kowane layi, ta yadda kuskuren wannan layi zai kashe na wancan.

Daga nan siyasa ta shigo. Faransa ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet a kan SECAM a 1965. Aka yi taro a Oslo a 1966 don Turai ta tsaya kan tsari ɗaya, aka tashi baram-baram. A 1967 Ingila da Jamus ta Yamma suka fara watsa launi da PAL, Faransa da Sobiyet kuma da SECAM. Da launi ya iso Afirka, galibi kowace ƙasa ta bi bayan wanda ya mulke ta. Nijar ta ɗauki SECAM, Najeriya ta ɗauki PAL. Iyakar da Turawa suka ja tsakanin Maraɗi da Katsina ta sake fitowa a cikin kalar talabijin, mutanen da ke jin harshe ɗaya akwatunansu suka zama ba su jin na juna.

Ɓangaren da ke cikin akwati mai raba launi daga haske, ya fassara shi zuwa ja da kore da shuɗi, shi ne dekoda ta farko. Ba mu taɓa kiran sunanta ba don ba ma ganinta, amma mun ɗanɗani aikinta. Kamfanin JVC na Japan ya fito da VHS a 1976, kuma daga 1990, shekarar da aka yi Turmin Danya a Kano, kaset ɗin finafinan Hausa suka fara kwararowa, ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ta Daura da Matamai zuwa Damagaram. Kaset ɗin Kano PAL ne. Wanda akwatinsa SECAM kaɗai yake ji, hoton zai fito masa tas, tun da layi 625 ɗin ɗaya ne, amma baƙi da fari. Na tuna wani dare a gidan maƙwabcinmu, mu kusan talatin a tsakar gida, ana gardama kan ko ƴan fim ɗin ne ba su da kuɗin kala. Wani da ya ga fim ɗin a Katsina ya rantse cewa atamfar yarinyar ja ce, aka ce ƙarya yake. Daga baya akwatuna masu jin tsari uku suka cika kasuwa, da ƴar takarda manne a goshinsu an rubuta PAL, SECAM, NTSC, gardamar ta mutu.

Dekoda ta biyu ita ce wadda ta ba mu sunan. Ran 4 ga Nuwamba 1984 aka buɗe tashar Canal+ a Faransa, tasha ta biyan kuɗi. Da gangan ake hargitsa layukan hoton da muryar kafin a watsa, wanda bai biya ba sai ya ga inuwoyi na rawa. Wanda ya biya ana ba shi wani akwati da lambar sirri ta wata-wata, akwatin ya mayar da layukan mazauninsu. Wannan akwati shi ne décodeur. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya shigo Afirka mai jin Faransanci da sunan Canal Horizons, kalmar ta biyo shi, ta zauna a bakinmu. Aikin wannan dekoda aikin makulli ne kawai.

Ta uku ita ce babba, kuma sai mun yi ɗan lissafi. A 1982 hukumar sadarwa ta duniya ta tsayar da ƙa'idar mayar da hoton talabijin lambobi: a auna hasken sau miliyan 13.5 a daƙiƙa, abin da ke ba da ɗigo 720 a kowane layi, a tsarinmu kuma layi 576 ne ake gani a gilashi. Ku ba ƴan ajin ƙarshe na firamare wannan su gwada. 720 sau 576 ya ba da ɗigo 414,720. Kowane ɗigo yana cin bayit biyu idan an haɗa da launi. Sau hoto 25, ya kama bayit miliyan 20 da ɗoriya a kowace daƙiƙa, wato kusan giga 75 a awa ɗaya. Faifan DVD mai giga 4.7 ko minti huɗu ba zai ɗauka ba. Dole a matse.

Ƙungiyar masana da ake kira MPEG, wadda aka kafa a 1988, ita ta tsara yadda za a matse. Dabarar kowane malami ya san ta. Ba ka sake rubuta sunayen yara tamanin kullum da safe. Rajista na nan, waɗanda ba su zo ba kawai kake yi wa alama. Haka nan in mutum yana magana gaban bango, bangon bai motsa ba, to a aika shi sau ɗaya, sauran hotunan a aika abin da ya canza kaɗai, a kuma zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su. MPEG-1 ya fito a 1993, shi ne na faifan VCD da ya kori kaset daga kasuwanninmu. MPEG-2 ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990, shi ne na DVD da na tauraron ɗan Adam. H.264 ya zo a 2003, shi ne ke cikin yawancin bidiyon da muke turawa juna a salula. Duk abin da aka matse sai an warware shi kafin ido ya gani, mai warwarewar ita ce dekoda ta uku. Tana cikin akwatin parabol, tana cikin na'urar DVD, tana cikin salular Inna. Ita ce kuma ake sayar mana don kama talabijin na dijital da ake cewa TNT, tun bayan yarjejeniyar Janeba ta 2006 da ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari, wa'adin da ƙasashen Afirka da dama ba su cika ba. Akwatin da na saya a kasuwa irin wannan ce: lambobi take karɓa daga sama, ta warware, ta miƙa wa talabijin hoto. Ko ramin USB ɗinta lambobin da aka riga aka matse yake sani, na tauraro ko na cikin kile.

Dukansu uku abu ɗaya ya haɗa su. Tafinta ne su. A zamanin mulkin mallaka tafinta yana tsaye tsakanin kumandan da talakawa, ya ji da wannan harshe ya faɗa da wancan, da ya rufe baki maganar ta bi iska. Wanda ke zaune gefe da alƙalami yana rubutawa don a samu gobe, shi ne magatakarda. Ni magatakarda nake nema, na je na ɗauko tafinta.

Tarihin magatakardan daga wajen kwamfuta ya taso. A 1957 wani masani a Amurka, Russell Kirsch, ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye 176 a kwance, ana lissafa shi cikin hotunan farko da aka mayar lambobi. Hoto ɗaya ke nan mara motsi. An daɗe ana iya cafke hoto guda daga kyamara, amma a kama 25 a kowace daƙiƙa ba tare da ɗaya ya zube ba, wannan ya fi ƙarfin ƙananan kwamfutoci har ƙarshen shekarun 1980. Lissafin nan na giga 75 shi ne dalili, a lokacin da rumbun kwamfutar gida bai kai ko giga ɗaya ba. Kamfanin Apple ya fito da QuickTime a 1991, Microsoft ya biyo da Video for Windows a 1992, katunan naɗa na farko-farko suka fara shiga gidaje, sai dai bidiyon da suke bayarwa bai fi girman kan sarki ba sosai, yana tafiya yana tuntuɓe. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Brooktree ya ƙera wata ƙwayar lantarki, Bt848, wadda ta sa katin ya yi araha ya bazu. An kira shi kati ne don faranti ne siriri da ake buɗe cikin kwamfuta a soka. Abin dariya, a daidai wannan lokaci ana sayar da wani katin mai kama da shi sak, a rami iri ɗaya ake soka shi, amma dekoda ne: kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin warware DVD da kansu, sai da taimakonsa. Ashe ruɗanin da na faɗa ciki ya girme ni a harkar. Da USB 2.0 ya zo a 2000, hanya ta yi faɗin da za ta ɗauki bidiyo, katin ya fito daga cikin kwamfuta ya zama ɗan abu kamar kile mai jelar wayoyi rawaya da fari da ja. Sunan kati dai ya bi shi.

Irin wannan wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Yamai ya aiko mini a motar haya, cikin ambulan. Ramukansa ƙofar shiga ce. A cikinsa aiki kashi biyu ne, na uku kuma kwamfuta ke yi. Ƙwaya ta farko tana sauraron hawa da saukar lantarkin da ke fitowa daga manyeto, ta gano inda kowane layi ya fara, ta raba launi daga haske, ta auna, ta mayar lambobi. Ƙwaya ta biyu ta kwashi lambobin ta tura ta USB. Manhajar kwamfuta ta matse su ta ajiye. To ita wannan ƙwaya ta farko, ko kun san sunanta a takardun injiniyoyi? Dekodar bidiyo. SAA7113 ta kamfanin Philips na cikin waɗanda suka shahara. Jikar dekoda ta farko ce, waccan da ta hana mu ganin jar atamfa. Wato magatakarda ba ya iya rubuta abin da bai ji ba, dole da tafinta a gefensa. Duk katin da ke naɗar tsohon kaset yana ɗauke da dekoda a cikinsa, amma dekoda ita kaɗai ba ta naɗar kaset ko za a shekara.

Na ga wannan da idona. Kaset ɗin biki ya fito da launinsa, don kyamarar da aka ɗauke shi da ita PAL ce, kamar yawancin na masu ɗaukar biki. Da na sa na kokowa sai ga fili da ƴan kokowa da makaɗa duk baƙi da fari, da wasu ƴan ɗige-ɗige na rarrafe a kai. Na ɗauka tsufa ne. Sai na tuna daga Tele Sahel aka naɗe shi. Na shiga saitin manhajar na sauya daga PAL zuwa SECAM, nan take rairayi ya zama ja-ja, layu da guraye suka fito da kalarsu. Rigimar Oslo ta 1966 ce ta biyo ni har ɗakina. Wanda zai sayi kati ya tambaya ko yana jin SECAM, domin ba duka ne ke ji ba, kuma ya nemi manyeto mai jin tsari da yawa, don shi SECAM ɗin ma hanya biyu ake naɗarsa a kan VHS.

Akwai wani bambanci da ya fi ci mini rai. Dekodar lambobi, muddin saƙon ya iso lafiya, abin da aka aiko shi za ta bayar, yau da gobe iri ɗaya. Katin naɗa kuwa abin da ya ji a wannan karon shi zai rubuta, har da tari da atishawar manyeto. In kan na'urar ya yi datti, dattin ya shiga tarihi. In tef ya yi rawa, hoton ya karkace har abada. Kuma ba a yi masa gaggawa: kaset mai awa uku awa uku zai ci, kana zaune kana addu'a kada a ɗauke wuta. Sau biyu aka ɗauke mini, na sake daga farko. A karo na uku na tarar murya ta riga hoto da kusan daƙiƙa guda wajen ƙarshe, saboda tsohuwar kwamfutata tana zubar da wasu hotuna in ta gaji. Sai da na rufe duk sauran manhajoji, na riƙa naɗa rabin awa rabin awa. Mai gyaran rediyon ne ya hana ni wani gangancin. Ya ce kada in fara da kaset ɗin da nake ji da shi, in gwada da fim ɗin Kano tukuna, in manyeto zai ci tef ya ci wanda ba za a yi kuka ba. Ya kuma ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kaset ɗin bikin, wanda in babu shi na'ura ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kai ba. Shekara ashirin da wani abu kaset ɗin na nan da harshensa, kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya shafe Baba.

Kada a ɗauka katin naɗa kayan tsofaffi ne kawai. Na yanzu suna karɓar HDMI, da su ake haɗa kyamara da kwamfuta a watsa wa'azi ko taro kai tsaye, malami ma zai iya naɗar darasinsa da su. Wanda ya yi niyyar naɗar ƙwallo daga dekodar biyan kuɗi dai ya sani ana sa wa HDMI wani makulli, HDCP, da ke hana hakan. Wannan wata magana ce daban.

Abin da ya sa ban bar wannan labari a cikina ba shi ne lokaci. Tef ɗin VHS leda ce siririya, faɗinta santimita ɗaya da kwata, tsawonta a kaset mai awa uku ya haura mita 250, an shafe ta da garin maganaɗisu da wani irin danƙo ke riƙe da shi. Zafi da laima suna cin danƙon nan, fumfuna na kama tef, ƙura na kankare shi. Ku auna da ɗakin kwano a watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, sannan damina ta biyo, shekara bayan shekara. Amma masana adana tarihi sun fi jin tsoron mutuwar na'urorin fiye da ta tef. Kamfanin Funai na Japan, wanda aka sani shi ne na ƙarshe mai ƙera manyeto na VHS, ya daina a watan Yuli 2016. Tun 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta Ostireliya ta yi gargaɗin cewa tef ɗin da ba a kwashe ba kafin 2025 akasarinsa zai salwanta, saboda ƙarewar na'urori da kayan gyara da masu iya gyaran. Su ke nan masu ɗakunan sanyi da kasafin kuɗi.

A makarantu nawa ne akwai kabad a ofishin direkta da kaset ɗin bikin ƙarshen shekara, da wasan kwaikwayon yara, da darussan gwaji da aka ɗauka don horon malamai? Na koyar a wata makaranta inda aka yi amfani da irin waɗannan kaset aka tokare ƙafar tebur, ni ma ina gani ban ce komai ba. Gidaje da yawa a garuruwanmu suna biyan kuɗin dekoda kowane wata ba fashi, don a ga ƙwallon Ispaniya da finafinan Indiya, ban ce laifi ba ne, ni ma ina biya. Amma kuɗin wata biyu ko uku na wannan biya zai sayi ɗan katin da zai ceci muryar kakar yara. A ganina ƙungiyar iyayen yara ta kowace babbar makaranta za ta iya mallakar kati ɗaya da manyeto ɗaya mai lafiya, a riƙa karɓar kaset na unguwa bi da bi. In an kwashe a ajiye a wuri biyu, kada a dogara da kwafin WhatsApp don yana ƙara matse hoton ya dusashe, kuma kada a jefar da kaset ɗin, wataƙila gobe a sami na'urar da ta fi ta yau.

Baba ya fito a minti na goma sha ɗaya. Farar riga, hula zanna, yana miƙa wa mutane hannu biyu-biyu. Ya juya ya kira ƙanena da sunan da shi kaɗai ke kiransa da shi, ya ce a ƙaro tabarmi. Minti huɗu ne da ƴan daƙiƙu gaba ɗaya, a tsakiya kuma akwai wurin da tef ya taɓa lanƙwashewa, farin layi ya ratsa fuskarsa ya wuce. Na yanke wannan yanki na sa wa Inna a salula. Ta kalla sau uku ba ta ce uffan ba, sannan ta ce rigar ita ta wanke ta a daren jajibiri, kuma ba a goge ta da kyau ba.

Labari ya zaga unguwa. Yanzu akwai buhu guda na kaset a ɗakina, na maƙwabta, kowanne da sunan mai shi a jiki, har da wani ƙarami na kyamara da ban san da me zan kunna shi ba tukuna. Manyeton aro kuma ya fara wani ƙara in yana mayar da tef baya. Mai gyaran ya buɗe ya duba, ya ce robar da ke juya shi ce ta saki, ya ɗaure ta da dabara, ya ce zai tambaya a Kano ko akwai wanda ya rage da irinta.